Wanda Ya Tono Malam Hatakeyama

Nagoya, 8 ga Fabrairu

Ƙanena Norio,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Yaya sanyi, yaya gwiwoyinta? Ni lafiya lau, in ban da tarin nan da ke ziyartata duk hunturu. Tsofaffin da muke kula da su a gidan nan ma da sauƙi, sai rigimar da ba a rasa ba.

To, kai kuma! Sai a jarida zan ji labarinka? Inna ta yanko shafin ta aiko mini, ta ninke shi gida huɗu har ninkin ya bi ta kan hancinka. "Ma'aikacin share hanya ya tono tsohon malami da ransa daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara." A tsaye na karanta, sau uku, sannan na nemi kujera. Malam Hatakeyama fa! Mutumin da ya tsayar da kai a barandar makaranta da bokiti biyu saboda ka zana masa gemu a allo. Yau ga shi yana numfashi da hannunka.

Na manna shafin a ɗakin shan shayinmu. Duk wadda ta shigo sai na ja ta na ce, "Kin ga wannan mai kunnuwan? Ni na goya shi." Wata abokiyar aikina har ta tambaya ko kana da mata. Na ce shekara arba'in da ɗaya, ba shi da kowa sai katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara guda biyu, da su yake kwana.

Jaridar ba ta faɗi komai ba sai yabo. Ka rubuto mini yadda aka yi, tun daga farko. Kada ka ce a waya, na san Inna za ta zauna a gefenka tana gyara maka zance.

Yayarka,
Tamae


Okusawa, 15 ga Fabrairu

Yaya Tamae,

Wasiƙarki ta iso ran Litinin. Muna lafiya. Gwiwoyin Inna suna nan yadda kika san su, amma tana cin abinci sosai. Dusar ƙanƙara ta kai bakin tagar sama, sau huɗu ke nan ina hawa rufi ina kwashewa bana.

Don Allah ki cire takardar nan daga bango.

Kin ce in ba ki labari. A tsakiyar watan jiya an wuni ana ruwan sama, abin da bai kamata a gani a Janairu ba. Sanyi ya dawo ya daskarar da saman dusar, ya zama sumul kamar faranti. A kan farantin nan aka kwana uku ana zuba sabuwa, iskar yamma tana kwasowa tana jibgewa a gangaren gabas na Dutsen Kurokura. Ran Juma'a na hau na haƙa rami na duba. Tsakanin tsohuwar da sabuwar akwai wata 'yar shimfiɗa mai kama da sukari, ba ta dunƙuluwa a hannu. Na sa shebur na ɗan taɓa, saman ya zame gaba ɗaya. Da yake ina cikin 'yan ceton ƙauye, ni da kaina na rubuta gargaɗi na manna a allon tashar bas, cewa kada kowa ya kusanci gangaren gabas.

Ran Lahadi da hantsi ya zaftare. Malam yana ƙarƙashi. Na hangi bakin katakon zamiyarsa ɗaya ya leƙo, na haƙa daga nan. Na yi kamar minti ashirin kafin na kai ga fuskarsa, ta yi shuɗi, na sa yatsa na ƙwaƙulo dusar daga bakinsa. Ƙugunsa ya karye, da haƙarƙari uku. Yana asibitin gari. Bai tuna komai na ranar ba, ko karin kumallon da ya yi.

Shugaban ƙauye ya ba ni takardar yabo a gaban jama'a. Inna ta sa ta a gilashi ta rataye a saman hoton Baba, inda take kunna masa turare.

Jiya matar Malam, Inna Kinu, ta zo da kwalin alewar wake. Ta bi gidajen duk waɗanda suka fito ɗaukarsa ran nan tana ba da haƙuri, namu ne na ƙarshe. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Tsohon nan ya wahalar da ku. Shi da yake hana mutane, shi ya je ya aikata. Ban san da wane ido zan dubi ƙauyen nan ba." Na ce ta tashi, ta ƙi. Ban iya cin alewar ba.

Abin da zan iya ce miki, Yaya, da ban hau dutsen nan ran nan ba, da labarin Malam ba haka ya kasance ba.

Norio


Nagoya, 23 ga Fabrairu

Norio,

Gaisuwa gare ka da Inna. Tarin ya tafi. Na aiko mata da safa mai kauri, ka tabbata ta sa, kada ta adana a akwati kamar na bara.

Ai na sani da ba haka ya kasance ba! Da yanzu an yi kusan wata guda da binne shi. Ka ga, ko kai da bakinka ka faɗa, sannan kana cewa in cire takarda. Ba zan cire ba. Wannan kunyar taka tun kana yaro take, ranar da ka ci tseren zamiya na gunduma a bayan rumbun itace aka same ka.

Malam kuwa ya ba ni mamaki. Shekara arba'in yana auna dusa yana rubutawa a littattafan nan nasa, ko Baba da yake maharbi sai ya tsaya ya tambaye shi kafin ya shiga daji. A ce shi ne zai taka gangaren gabas bayan ruwan sama, ga gargaɗinka a manne? Ni da nake aiki da tsofaffi na san irin wannan. Haka take farawa. Mutum garau, rana ɗaya sai ya fita siyan gishiri a tsince shi a tashar jirgin wani gari. Iyalinsa su sa ido a kansa tun da wuri.

Ka ci alewarka, ka cancanta.

Tamae


Okusawa, 2 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya. Inna ta sa safar. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kin karanta maganata a juye, kuma laifina ne, don da gangan na rubuta ta yadda za ta karantu ta ko'ina. Yanzu zan faɗa yadda ba za ta juyu ba. Ni na zaftaro dusar a kan Malam.

Ran Lahadin nan gari ya waye tas, ba gajimare ko ɗaya. Na leƙa ta taga na ga gangaren gabas fari fat, ba sawun ko zomo. Kin san yadda nake da irin wannan dusar, mai laushi kamar gari, wadda in ka shiga take tashi har ƙirjinka. Na ce zan hau ta doron dutse kawai in duba. Da na kai sama na ce zan sauka ta gefe, kusa da itatuwa. Ina tsaye ina gaya wa kaina cewa gargaɗin nan don baƙi 'yan birni na rubuta shi, ni na san inda zan taka. Na wuce allon da hannuna ya rubuta, na hau wurin da na hana.

Juyi biyu na yi. A na uku na ji wani "dum" a ƙarƙashin ƙafata, kamar an rufe ƙofa a cikin ƙasa. Tsaga ta ruga daga bakin katakona zuwa dama, tsawonta ya fi filin makaranta. Komai da ke ƙasa da ni ya tafi. Ni na rage a sama, rungume da wani reshe. Ina kallo yana gangarawa, sai na hangi jar hula can ƙasa, a bakin kwari, a kan hanyar da Malam ke bi duk Lahadi zuwa sandarsa ta awo. Bai hau ko'ina ba, Yaya. Yana kan hanyarsa ta kullum, a gindin itatuwan buna, inda dusa ba ta taɓa kaiwa sai in an turo ta daga can ƙoli. Ya ɗaga kai ya duba. Daga nan ban ƙara ganinsa ba.

Sauran kin sani. Na tono shi, na lulluɓe shi da rigata, na sauka na kira mutane. Muna ɗauke da shi shugaban ƙauye ya ce, "Kana biye da shi a baya ke nan ka ji ƙarar?" Na ce e. Kalma ɗaya. Da azahar iska ta taso ta share sawuna a sama. Dusar ta ja Malam ta watsar da shi a wurin da ba a gane daga ina ya fito, kowa ya ɗauka shi ya hau ya taɓo ta.

Tun ran nan duk wanda ya gaishe ni sai in ji kamar na saci abu a gidansa. Mai shagon awara ba ya bari in wuce sai ya cusa mini wani abu a hannu. Ina cin abinci ina ba takardar yabon nan baya.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Norio


Okusawa, 19 ga Maris

Yaya Tamae,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kwana goma sha bakwai ke nan. Kullum ina tare ɗan wasiƙa a bakin hanya kafin ya iso gida. In kin yanke shawarar ba ki da ƙane, ba zan ga laifinki ba, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne saboda Inna, ta fara tambaya.

Ran Laraba na je asibiti, don Malam ya aiko a kira ni. Ya rame, gemunsa ya fito fari. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi godiya, shi da bai taɓa ce mini ko sannu ba. Sannan ya sa matarsa ta fita, ya ce, "Norio, kai ka san dusa. Ka gaya mini, me ya kai ni can?"

Na ɗauki lemo a gefen gadonsa na fara ɓarewa.

Ya ce, "Na karanta gargaɗinka ran Asabar, wannan na tuna. Har na ce yaron nan ya iya. To mutumin da ya karanta wannan ya kwana ya tashi ya hau gangaren gabas, ba ni ba ne. Wani ne ya fara shigowa cikin kaina. Mahaifina haka ya yi, a ƙarshe yana kiran uwata da sunan saniya."

Ya ce likita ya yi masa tambayoyi, yau wace rana, ƙirga baya daga ɗari, duk ya amsa daidai, amma bai yarda da amsoshin ba. Ɗansa da ke Sendai ya riga ya samo masa wuri a gidan tsofaffi, in ƙugun ya ɗinke can za a wuce da shi, ba gida ba. Shi ma ya amince. Ya ce gara a kulle shi tun bai ja wani ya mutu ba. Ya sa Inna Kinu ta ɗaure littattafansa na awo guda arba'in da uku, za a kai su wurin ƙona shara in hanya ta buɗe.

Na zauna ina ɓare masa lemo. Na ɓare har uku, ba wanda ya ci.

Norio


Nagoya, 21 ga Maris

Norio,

Lafiyata lau, ka gaya wa Inna aiki ne ya yi yawa. Wasiƙarka ta biyu ga wata tana aljihuna tun ranar da ta zo. Na fara amsa sau biyar ina yagawa.

Na cire takardar. Da aka tambaye ni na ce ta yi datti.

Na zage ka a raina iya zagi, ba sai na maimaita a nan ba. Amma ga abin da na gani. Malam yana raye, kuma kai ka tono shi, wannan ba ƙarya ba ce. Ƙashi zai ɗinke. In ka buɗe baki, me zai ƙaru? Za a cire ka daga 'yan ceto, wataƙila har aikin hanya. Kai kana iya barin ƙauye. Inna fa? Shekararta saba'in da tara, a nan za ta mutu, da mutanen nan za ta gaisa kullum. Tun rasuwar Baba ban ji muryarta da daɗi a waya kamar watan nan ba.

Ka yi shiru. Ka riƙa kwashe musu dusar rufi, ka faskara musu itace, duk shekara har ƙarshen ransu. Ka biya ta nan. Ni zan riƙe maka maganar, ba wanda zai ji.

Ba na jin daɗin rubuta wannan. Ka ƙona ta in ka karanta.

Tamae


Nagoya, 24 ga Maris

Norio,

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta sha tara yanzu ta iso, ina rubuta wannan a tsaye a gidan waya.

Kada ka bi abin da na ce. Ban san zancen gidan tsofaffi ba. Ni nake ɗaure musu ƙyallen cin abinci a wuya, na san yadda mai hankali ke zama in an sa shi cikin waɗanda suka rasa nasu. Wata shida ya isa ya zama ɗaya daga cikinsu. Kuma ni ce na fara cewa a sa masa ido, ni da ban ga komai ba. Ina tuna abin da na rubuta maka kwana uku da suka wuce, fuskata tana zafi.

Ka je. In kana so in zo mu je tare, ka buga waya ka ce Inna na son ganina, zan gane.

Tamae


Okusawa, 3 ga Afrilu

Yaya Tamae,

Wasiƙunki biyu sun zo rana ɗaya, kuma sun tarar na riga na je. Ta farkon na ƙona kamar yadda kika ce, kada ki ƙara tunaninta. Duk abin da ke ciki na gaya wa kaina shi tun kafin ki rubuta. Inna lafiya, ta jiki dai. Dusa ta fara narkewa, ana jin ruwa yana gudu a ƙarƙashinta.

Ran ashirin da uku na koma asibiti. Inna Kinu tana nan, ta zuba mini shayi. Na roƙa kada ta fita. Na durƙusa a ƙasa tsakanin gadaje na faɗi komai, ban ɗaga kai ba har na gama. Sauran marasa lafiya uku na ɗakin duk suna ji.

Da farko na ɗauka Malam bai fahimta ba. Can ya ce, "Ba ni takarda." Ya zana dutsen a bayan takardar magani. Ya ce, "Nuna mini inda ka shiga." Na nuna. "Ƙarfe nawa?" Na ce goma da kusan rabi. "Kaurin abin da ya ɓalle?" Na ce ya kai ƙuguna. Ya gyaɗa kai kamar muna aji. Sannan ya miƙo mini fensirin ya ce, "Ni kuma ina nake?"

Na ɗiga masa a gindin itatuwan buna.

"A kan hanyata?"

"A kan hanyarka, Malam."

"Ban hau ba?"

"Ko taku ɗaya ba ka hau ba."

Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Sai ya juya ya ce, "Kinu, kin ji? Ban hau ba." Ya sake faɗa, ya rufe fuska da takardar. Inna Kinu ta miƙe. Ta zo ta ɗauke kofin shayin da ke gabana, ta juye a kwatami, ta ɗauraye, ta kife.

Da ya natsu ya ce, "Hawan da ka yi wauta ce, kowa ya taɓa yin tasa, ni ma ina da tawa. Amma ka zauna a kujerar nan kana ɓare mini lemo ina gaya maka na haukace. Wannan ban san sunansa ba." Ya ce in faɗa wa ɗansa da likita da shugaban ƙauye da bakina, in na gama kuma kada in dawo sai ya neme ni. Na faɗa musu duka. An fasa zancen Sendai, gida za a dawo da shi ƙarshen wata. Littattafan suna nan.

An cire ni daga 'yan ceto. Aikin hanya an bar mini. Ana amsa gaisuwata, a taƙaice, ana duban wani wuri.

Inna na gaya wa a ƙarshe, don tsoro. Ta saurara har na gama, ta ce, "Sauko da ita." Na sauke takardar yabon daga bango. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, tana dafa abinci tana ajiye mini. A na huɗu da safe na same ta ta sa baƙar rigarta kimono ta zuwa gaisuwa, ta ce, "Kai ni gidansu." Na ce Inna, laifina ne, na riga na je. Ta ce, "Kai ka je naka. Ni na tsaya ina murmushi matar nan tana durƙushe a ƙofata."

Hanya duk caɓi ce, sai goya ta na yi daga kan gada. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A bakin ƙofar na sauke ta. Kin san rabonta da durƙuso shekara shida, ko a gaban hoton Baba a kujera take zama. Ta dafa bango ta sauka a hankali, ina jin gwiwoyin suna ƙara, na kai hannu ta ture. Ta sa goshinta a kan katakon. Inna Kinu ta fito ta tsaya a kanta. Daga baya ta ce, "Tashi, Sato, sanyi zai kama ki. Ba ke ba ce." Inna ta kasa tashi. Su biyun suka yi ta kokawa da gwiwoyin nan har ta miƙe, ni ina tsaye a waje an hana ni taɓawa.

Ban taɓa ganin tsakiyar kan Inna ba sai ran nan, Yaya. Gashin ya ƙare, fatar ake gani.

Ki zo in an fara dashen shinkafa. Ba don ni ba. Tana bukatar wanda za ta iya kallo a ido.

Ƙanenki,
Norio